Tumbi da Numfashi: Darasi Domin Iyalan da Suke da Tsofaffi a Gida

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi iyayenmu da kakanninmu waɗanda suka haura shekara 60, ya kuma shafe mu da muke bin sawunsu. Kafin a ci gaba, yana da kyau maigida ko uwargida su tara iyali a karanta Farawa 2:4-7 da Mai Hadishi 12:1-7, gama a kan waɗannan wurare biyu ne za mu jingina.

Duk wanda ya saba bi ta Wunti a cikin garin Bauchi da hantsi ya taɓa ganin irin dattijon da za mu yi misali da shi. Ya sauka daga keke a shataletale, ya ƙetare titi zai shiga kasuwa, tafiyar da ba ta kai ta minti uku ba, sai ka gan shi ya tsaya ya dafa bango yana haki. In ka ce, "Baba, lafiya dai?" zai ɗaga maka hannu ya ce, "Lafiya lau, ɗana, tsufa ne kawai." Ran Lahadi za ka same shi a sujada. Shi ne dā mai ɗaga waƙa, muryarsa na cika majami'a, amma yanzu sai ya yanke baiti a tsakiya domin ya ja numfashi. Da an soma wa'azi kansa ya sunkuya, jikoki suna taɓa juna suna dariya. A gida kuma Mama tana ƙorafin minsharinsa ya hana kowa barci. Yana da tumbi, yana shan maganin hawan jini idan ya tuna, an kuma taɓa gaya masa a asibiti cewa sukarinsa ya ɗan hau.

Iyalinsa suna ganin waɗannan abubuwa dabam dabam ne: haki na tsufa ne, gyangyaɗi na gajiya ne, minshari hali ne, tumbi kuwa alamar an huta ne. Abin da muke so mu koya shi ne, sau da yawa dukansu saiwarsu ɗaya ce, kuma akwai abin da iyali za su iya yi tun dare bai yi ba.

Numfashi aro ne

Labarin halitta ya nuna mana mutum yana kwance, turɓaya ce kawai da aka siffanta, har sai da Allah da kansa ya sa masa numfashi. Mai Hadishi kuma ya kai mu ɗaya ƙarshen tafiyar, inda jiki yake komawa ƙasa, ruhu ya koma wurin wanda ya bayar. Kalmar Ibrananci da aka fassara da ruhu a wannan aya ita ce kuma ake amfani da ita domin iska da numfashi. Manzo Bulus ma ya tuna wa mutanen Atina haka a Ayyukan Manzanni 17:25. Ashe numfashin da muke ja ba namu ba ne, ajiya ce aka ba mu, mai riƙon ajiya kuwa ana sa ido ya kula da ita.

Babban mutum mai lafiya yakan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wato wajen sau 20,000 a kwana guda, ba tare da ya yi tunani a kai ba. Iskar tana bi ta maƙogwaro, ta rarrabu a ƙananan hanyoyi kamar rassan itace, har ta kai ga 'yan jakunkuna ƙanana ƙwarai waɗanda yawansu ya kai miliyan 300 zuwa 500. A nan ne jini yake karɓar iska mai amfani, ya sauke wadda ta gama aiki. Huhu ba ya buɗe kansa. Akwai wani faffaɗan nama mai kama da faifai da ya raba ƙirji da ciki, wanda za mu kira tantanin ƙirji. Idan ya sauka ƙasa iska ta shiga, idan ya koma sama iska ta fita, kamar yadda zugazugin maƙeri yake aiki. A riƙe wannan misali, za mu komo kansa.

Ƙarfin huhu yakan kai matuƙarsa tsakanin shekara 20 da 25. Daga wajen shekara 35 sai ya soma raguwa kaɗan kaɗan kowace shekara, ko da mutum bai taɓa shan taba ba. Haƙarƙari yana ƙara tauri, naman numfashi yana rage ƙarfi, tari ma ba ya fitar da majina kamar dā. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana wannan ba, sura 12 ta Mai Hadishi ta zana raunin tsufa filla filla. Amma Mahalicci ya yi huhu da rara mai yawa. Tsufa shi kaɗai ba ya sa mutum haki domin ya taka daga bakin titi zuwa ƙofar kasuwa. Kalibu yana da shekara 85 sa'ad da ya roƙi Joshuwa ya ba shi ƙasar tuddai (Joshuwa 14:10-12), mu ma mun san tsofaffi a ƙauyukanmu da suke zuwa gona da ƙafa suna da shekara 75. Idan dattijo yana haki a kan ƙaramin motsi, akwai abin da ya cinye rarar nan, ya kamata a neme shi.

Ayarin da tumbi yake yi wa madugu

A shekarar 1988 wani likita na Jami'ar Sitanfod a Amurka, mai suna Gerald Reaven, ya jawo hankalin 'yan'uwansa likitoci ga wani abu: hawan jini, hawan sukari da lalacewar maiƙon jini sukan taru a jikin mutum ɗaya, kuma ba haɗuwar tsautsayi ba ce. Yau ana kiran wannan haɗuwa metabolik sindurom, wato tarin matsalolin da suke tasowa idan jiki ya kasa sarrafa abinci yadda ya kamata. Mu a nan za mu kira shi ayari, domin ba ya tafiya ɗaya ɗaya.

A shekarar 2009 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya da na ciwon sukari suka daidaita a kan alamu biyar, suka ce duk mai uku daga cikinsu yana cikin ayarin. Ta fari ita ce faɗin ƙugu, awon da aka fi amfani da shi a ƙasashenmu kuwa shi ne santimita 94 ga namiji, 80 ga mace. Ta biyu awon jini da ya kai 130 bisa 85. Ta uku sukarin jini da ya kai 100 da safe kafin a ci kome, a wasu asibitoci za a rubuta 5.6, awo ɗaya ne da mudu dabam. Sauran biyun sun shafi maiƙon jini: irin da ake kira tiragilisarayid ya kai 150, ko kuma kwalastaral mai kyau, wanda yake share jijiyoyi, ya gaza 40 ga namiji, 50 ga mace. Wanda yake shan maganin ɗaya daga cikin waɗannan, an ƙidaya masa ita ko da awonsa ya sauko. A lura, sukari 100 bai kai ciwon sukari ba tukuna, sai ya kai 126 ake ce masa haka. Shi ya sa mutum zai iya shekara goma a cikin ayarin yana cewa ba a taɓa samunsa da wata cuta ba.

Me ya haɗa su? Idan mun ci tuwo ko shinkafa, abincin yana zama sukari a jini, jiki kuma ya saki sinadarin insulin wanda yake buɗe wa sukarin ƙofa ya shiga nama ya zama ƙarfi. Kitsen da yake taruwa a cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, yana sa ƙofofin nan su yi tsatsa. Sai jiki ya riƙa sakin insulin fiye da kima, ƙoda ta riƙe gishiri, jini ya hau, hanta ta cika jini da maiƙo. Kitsen cinya da na ɗuwawu ba su cika yin wannan ɓarna ba, na cikin ciki ne madugu. Mutum yana iya zama siriri a hannu da ƙafa amma yana ɗauke da tumbi, wannan kuwa ya yi yawa a cikin tsofaffi, domin nama yana zubewa da shekaru, kitse ya maye gurbinsa, sikeli kuma bai nuna an ƙara kome ba.

Ba sai mun je nesa neman dalili ba. Yawancin iyayenmu da suke zaune a Yelwa, Gwallameji da sauran unguwannin Bauchi sun tashi ne a ƙauyukan Tafawa Ɓalewa, Bogoro, Dass ko tuddan Filato, inda tun suna yara suke noma, suna ɗebo ruwa, suna cin tuwon dawa ko acca da miyar ganye. Aikin gwamnati ya kawo su birni, suka shekara 35 a kan kujera, suka yi ritaya suka koma wata kujerar a ƙofar gida. Tafiyar da dā ake yi da ƙafa, yanzu keke ko babur ake tarewa. Abinci ya koma farar shinkafa, burodi, taliya da shayi mai kauri. Masar Bauchi ta yi suna a ƙasar nan, ni ma ba na wuce ta in na bi ta Wunti, amma gaskiya ita ce shinkafa ce da aka niƙa, aka sa sukari, aka toya da mai. Guda uku da miyar ganye abinci ne, guda goma da sukari a kai da kwalbar lemo wani abu ne dabam. Robar lemo mai rabin lita takan ɗauki sukari wajen giram 50, wato cokalin shayi 12. Ga kuma al'adarmu ta yabon ƙiba. Idan mutum ya ajiye tumbi mukan ce ya samu kwanciyar hankali, matarsa ta iya kiwo. Idan ya rage jiki sai a soma raɗa ana tambaya ko lafiya.

Yadda abin yake kaiwa ga huhu

An daɗe da sanin cewa ayarin nan yana kai mutum ga ciwon sukari, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ba a cika maganar huhu ba. A shekarar 2009 aka buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a birnin Faris na ƙasar Faransa, inda aka auna numfashin mutum fiye da 120,000. An tarar cewa masu wannan ayari sun fi sauran mutane raunin huhu, ko sun sha taba ko ba su sha ba, kuma a cikin alamu biyar ɗin faɗin ƙugu ne ya fi kowace alaƙa da raunin.

Hanya ta fari mai sauƙin ganewa ce. Mu komo ga zugazugi. Idan wani ya ɗora buhu a kansa, maƙeri zai yi ta fama amma iska kaɗan za ta fita. Haka tumbi yake tokare tantanin ƙirji daga ƙasa, ya hana shi sauka sosai, kitsen ƙirji kuma ya danne haƙarƙari daga waje. Gindin huhu, inda jini ya fi gudana, ba ya buɗewa duka, ƙananan hanyoyin iska na wurin sukan rufe. Sai mutum ya riƙa jan numfashi gajere gajere da sauri. Abin yakan tsananta in ya sunkuya ɗaura takalmi, in ya ci ya ƙoshi, ko in ya kwanta rigingine, domin a lokacin nauyin cikin duka yana komawa kan ƙirji. Tumbi yana kuma tura ruwan ciki mai tsami ya hau maƙogwaro da dare, wannan ƙwannafi shi ne asalin tarin dare na mutane da yawa.

Hanya ta biyu ba a ganinta da ido. Dā ana zaton kitse rumbu ne kawai inda jiki yake ajiye rarar abinci. Yanzu an gane kitsen ciki yana sakin sinadarai a jini waɗanda suke sa jiki cikin wani irin kumburi mara zafi, kamar garwashin da toka ta rufe. Dukan jinin jiki yana ratsa huhu, saboda haka huhu ba ya tsira. Wannan yana cikin dalilan da suka sa asma takan kama masu ƙiba bayan sun manyanta, musamman mata, ta kuma fi wuyar jin magani a jikinsu.

Sukari ma yana da nasa aikin. Idan ya daɗe da yawa a jini yakan manne wa zaruruwan da suke ba huhu taushi, su yi tauri kamar fatar da ta sha rana. Yana kuma kaurara bangon ƙananan jijiyoyin da suke kewaye da jakunkunan iska, yadda yake yi a ido da ƙoda. Raunin da wannan yake kawowa ba babba ba ne, matashi ba zai ji shi ba, amma ga tsohon da rararsa ta riga ta ragu, kaɗan ma yana da nauyi. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne yadda sukari yake kashe kuzarin dakarun jini masu yaƙi da ƙwayoyin cuta.

Sai zuciya. Hawan jini na shekara da shekaru yana sa naman zuciya ya yi kauri ya ƙi saki. Jinin da yake fitowa daga huhu ya rasa wurin shiga, sai ruwa ya taru a huhun. Alamarsa ita ce mutum ya kasa kwanciya sai da matashin kai biyu ko uku, ya farka tsakar dare yana neman taga, ƙafafunsa su kumbura da yamma. Iyalai da yawa sun yi watanni suna sayen maganin tari da na asma alhali zuciya ce take neman taimako.

Minshari kuwa ya cancanci a dakata a kansa, domin mun mai da shi abin dariya. Idan kitse ya taru a wuya da gindin harshe, hanyar iska takan rufe sa'ad da mutum ya yi barci. Mai kwana kusa da shi zai ji minshari mai ƙarfi, sa'an nan shiru na daƙiƙa 10, 20 ko fiye, sa'an nan ya yi firgigit ya ja iska da ƙara kamar wanda aka shaƙe. Wannan yana iya faruwa sau 30 ko fiye a awa ɗaya, shi kuwa bai sani ba. Kowane tsayawa yana rage iskar jini, ya firgita zuciya, ya ɗaga awon jini da na sukari. Da safe ya tashi da ciwon kai da busasshen baki, da rana barci ya riƙa fizgarsa. Dattijon da yake gyangyaɗi a lokacin wa'azi mai yiwuwa ba sanyin ruhaniya ne yake damunsa ba, bai yi barcin kirki ba ne shekara biyar. Idan kuma yana tuƙa mota a hanyar Jos ko ta Gombe, abin ya wuce na dariya. Akwai na'urar da ake sawa a hanci da dare tana tura iska, wadda aka ƙirƙiro a Ostireliya, amma tana da tsada tana kuma bukatar wutar lantarki. Rage tumbi, kwanciya ta gefe da barin giya suna sauƙaƙa abin ƙwarai.

Daga nan sai abu ya zama zobe. Mai haki yana gudun tafiya, mai gudun tafiya yana ƙara tumbi, tumbi yana ƙara haki.

Hunturu, hayaƙi da tari

Huhun da aka matse daga ciki, a Bauchi ana kuma dukansa daga waje. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga hamada, mafi yawa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, har duwatsun da suke kewaye da gari su ɓace a cikin hazo. Ƙurar nan laushinta ya isa ta shige can cikin huhu. A ƙara da hayaƙin kekuna da motoci a cunkoson Wunti, da na janareta a bakin shaguna, da na shara da ake ƙonawa. A gida kuma iyayenmu mata sun shekara 40 ko 50 a gaban murhun itace ko gawayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Mama ba ta taɓa riƙe sigari ba, amma huhunta yana iya kama da na mashayin taba. Kuma a daidai wannan lokaci na sanyi ne ake rufe tagogi, a shigar da kaskon wuta ɗaki, a kunna maganin sauro mai hayaƙi, ga bukukuwan Kirsimati da na aure da cin da ba a yi ba duk shekara.

Mai ciwon sukari ya fi wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa da tarin fuka wajen ninki uku, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da wannan cuta ta fi yawa a duniya. Saboda haka tarin da ya kai mako biyu, musamman in akwai zufar dare, zazzaɓi ko rama, a kai majina a gwada. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana shansa wata shida. A nan sai a yi hattara: idan mai tumbi ya soma ramewa ba tare da ya canza ci ko motsi ba, kada a yi murna, a je asibiti. Mun kuma tuna shekarar 2020, sa'ad da cutar korona ta shigo Bauchi a watan Maris har aka dakatar da taruwa domin sujada. A ko'ina cikin duniya waɗanda ta fi kayarwa su ne tsofaffi masu sukari, hawan jini da ƙiba.

Addu'a da magani

Littafi Mai Tsarki ya ambaci nauyin jikin Eli firist, wanda ya mutu yana da shekara 98 sa'ad da ya faɗi daga kujerarsa (1 Sama'ila 4:15-18), Karin Magana 23 kuma ta yi gargaɗi a kan zarin ci. Duk da haka kada kowa ya ɗauki darasin nan ya mai da shi sandar dukan masu jiki. Akwai gādo a ciki, akwai haihuwa da yawa, akwai canjin jikin mace bayan ɗaukewar al'ada, akwai talaucin da yake sa a cika ciki da abin da ya fi araha. Sa'ad da almajirai suka nemi sanin zunubin wa ya jawo makantar mutumin nan a Yahaya 9, Ubangiji bai bi su ta wannan hanya ba.

Kuskuren da ya fi yi mana ɓarna shi ne na raba addu'a da magani. An yi wa dattijo addu'a a wani taron farkawa, ya ji sauƙi, ya ajiye ƙwayoyinsa domin ya nuna bangaskiya, bayan wata biyu aka kwashe shi zuwa asibiti numfashi na sarƙewa. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Hawan jini ba ya ciwo, jin daɗin jiki ba shaida ba ce cewa ya tafi. Allah ya ji addu'ar sarki Hezekiya ya ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20:1-7). Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya yi tafiya da Luka likita, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai yi wa cikinsa. Wanda ya gaskata an warkar da shi, bari ya je a auna shi, likita ya rage maganin da hannunsa. Yesu ma ya aiki kutare su nuna kansu ga firistoci.

Haka batun azumi. Ikilisiyoyi da yawa sukan buɗe shekara da azumi na kwanaki. Mai shan maganin sukari, musamman mai allurar insulin, sukarinsa yana iya faɗuwa har ya suma in ya sha magani bai ci ba. Ya tambayi likitansa tukuna. Fastoci kuma su faɗa daga bagade cewa marasa lafiya ba su yi laifi ba in sun ci, domin tsoho ba zai so a gan shi yana karyawa ba sai an ba shi izini a fili.

Abin da iyali za su yi

Labari mai daɗi shi ne, ayarin nan yana juyawa, kuma ba ya bukatar mutum ya koma kamar saurayi. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2002, an sa mutanen da sukarinsu ya soma hawa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiya minti 150 a mako. Haɗarin kamuwa da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin 100, a wurin waɗanda suka kai shekara 60 kuwa ya ragu da kashi 71. Tsofaffi suka fi matasa cin riba. Ga mai kilo 85, kashi 7 bai wuce kilo 6 ba, kuma kitsen ciki yana cikin wanda yake fara narkewa.

Minti 150 shi ne rabin awa sau biyar a mako. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, da saurin da zai iya magana amma ba zai iya waƙa ba. Sannu ba ta hana zuwa. Masu zama kusa da Wunti suna da kewayen filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sauran kuma harabar majami'a ta isa. A ranar da hazo ya yi kauri a jira rana ta ɗaga, a rufe hanci, a guji bakin babban titi. Tsoho ba ya son tafiya shi kaɗai, a haɗa shi da jika ko da abokinsa na Zumuntar Maza. Tashi daga kujera da komawa sau goma ba tare da dafa hannu ba, safe da yamma, yana riƙe naman cinya. Kada ya bar ƙungiyar mawaƙa domin haki, waƙa ma horon numfashi ce.

Wajen abinci, ba a ce a sa Baba yunwa ba, tsoho yana bukatar wake, kifi, ƙwai da gyaɗa domin kada namansa ya zube. A rage malmalar tuwo a ƙara miya, a komo ga dawa, gero, acca, zogale, rama, kuɓewa da yakuwa, waɗanda duk suna nan a kasuwar Wunti da ta Muda Lawal. Gishirin yini kada ya wuce giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, dunƙulen ɗanɗano kuwa yawancinsa gishiri ne, daddawa ta fi. A ci abincin dare da wuri. Tukunya ɗaya za a dafa wa kowa, gama in aka ware wa Baba nasa kwano mara daɗi alhali yara suna cin soyayye a gabansa, ba zai kai mako biyu ba. Ina kuma roƙon Zumuntar Mata da kwamitocin bukukuwa su duba abin da muke ajiyewa a teburin dattawa. Girmamawa ce muke nufi da lemo biyu da tulin shinkafa, amma ruwa, zoɓo mara sukari da 'ya'yan itace ma girmamawa ne.

A yi hankali da magungunan da ake saya a kemis ba da takardar likita ba. Ƙwayoyin nan irin su Prednisolone da Dexamethasone, da ake ba masu asma da ciwon gaɓoɓi, suna kawo sauƙi nan take amma in an daɗe ana sha suna ɗaga sukari da jini, su ƙara tumbi. Magungunan ciwon jiki irin su Diclofenac da Ibuprofen suna ɗaga jini, suna tayar wa wasu da asma. Maganin hawan jini Lisinopril yakan sa wasu busasshen tari, ba a daina shi da kai, a gaya wa likita ya canza. A fitar da murhu da janareta inda iska take kaɗawa. Mai shan taba ya bari, ko shekararsa 70 zai ga amfani.

A kai tsoho asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba in numfashinsa yana sarƙewa yana zaune, in ba ya iya gama magana sai ya huta, in leɓunansa ko harshensa sun canza launi, in ƙirjinsa yana ciwo, in ya yi tarin jini, ko in ya rikice farat ɗaya. Namoniya a jikin tsoho ba kullum take zuwa da zazzaɓi ba, wani lokaci ruɗewa da ƙin abinci ne kaɗai alamarta. Ga mai hakin da ya daɗe, akwai gwajin da ake hura iska a cikin na'ura a auna ƙarfin huhu, a tambaya a babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda yake kwana ɗaki ɗaya da shi ya raka shi, domin shi ne ya san abin da yake faruwa da dare.

Saura yadda za a faɗa wa Baba. Bulus ya gargaɗi Timoti kada ya tsauta wa dattijo, sai dai ya roƙe shi kamar mahaifi (1 Timoti 5:1). Ɗan da ya ce, "Baba, tumbinka ya yi yawa," ya rufe ƙofa da kansa. Wanda ya ce, "Baba, ina so a auna ni, ka raka ni mu je tare," ya fi kusa da samun biyan bukata. Ga aikin da za ku yi a gida bayan addu'ar yamma: a samo igiya ko zare, a auna tsawon kowane babba daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, a yanke, a ninka biyu, sa'an nan a zagaya ciki da ita daidai saman cibiya, ba inda wando yake tsayawa ba. Idan bakin igiyar biyu ba su haɗu ba, ƙugun ya wuce rabin tsawon mutum, sai a shirya zuwa awon jini da na sukari a cikin watan nan. Maigida ya fara, uwargida ta biyo, 'ya'yan da suka haura shekara 30 su ma su shiga layi. A rubuta ranar a jikin kalanda, a ajiye igiyar kowa da sunansa, a sake gwadawa idan fitowa ta gaba ta iso hannunku.